Hausawan Sudan: rawani ba zai tsaya a madadin takarda ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon arzikin fili a jaridarka, ko da zai ɗan fi na sauran masu wasiƙa faɗi, domin maganar da muka zo da ita ba ta taƙaituwa.

Duk lokacin da aka taɓa Hausawa a Sudan, labarin kan isa Kano da Sakkwato da Damagaram a siffa ɗaya: an kashe 'yan'uwanmu, a taya su da addu'a. Daga nan sai a ji masu cewa gwamnatin Najeriya ta tura jirgi a kwaso su. Addu'a mun gode, Allah ya saka. Maganar jirgi kuwa ita ce daidai abin da masu cinna wa gidajen wuta ke faɗa, wato ku koma inda kuka fito. Wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar Mai Wurno ko Gadarif ba shi da wani wurin komawa. A namu ɓangaren ma akwai kuskuren da ya fi wannan tsada: manyanmu da yawa sun ɗauka maganin raini shi ne a naɗa mana sarki. Mu a ganinmu ciwon yana cikin takardar ɗan ƙasa da rajistar gona, kuma rawani ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

A fara da kwanan wata, don a nan gizo ke saƙa. Hausawa sun daɗe suna ratsa ƙasar nan a kan hanyar hajji, daga Barno zuwa Wadai, zuwa Fashir da Ubayyid, su tsallake Nilu su nufi Sawakin. Tafiya ce ta shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma damina biyu ko uku don ya tara guzuri, ya yi aure, ya haihu, wani ya wuce Makka, wani zaman ya ɗore. Babbar ƙaura ta zo bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka sauka a bakin Nil Azrak, kudu da Sinnar kaɗan, wajen 1906. Garin har gobe sunansa yake amsawa.

A 1948, Ingila na riƙe da ƙasar, aka fitar da dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, kafin yaƙin Karari na 1898. Burmi kuwa 1903 ce. Da layi ɗaya aka bar jama'ar Mai Wurno a waje, har da duk wanda ya biyo bayansu. Ba Turawa kaɗai suka so haka ba. Ƙungiyar 'yan boko masu fafutukar 'yanci, wadda aka kafa a 1938, ta miƙa wa gwamna takardar buƙatu a 1942, kuma cikin buƙatun akwai a yi dokar zama ɗan ƙasa a kuma tsayar da shigowar baƙi. Kishin ƙasar da aka gina a Omdurman da Khartum ya ɗauki ɗan bakin Nilu mai magana da Larabci a matsayin mudu, kowa da shi ake auna shi. Dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe 1897 ɗin. A zamanin shugaba Numairi aka matso da ita zuwa 1924. Dokar 1994, wadda ake aiki da ita da gyare-gyarenta, ta tsayar da 1 ga Janairu 1956.

A riƙe wannan da kyau: a dokar yau, wanda aka haifa a Sudan, ko aka haifi ubansa a nan, kuma gidansu ta wajen uba na zaune tun ranar samun 'yanci, ɗan ƙasa ne bil milad, wato ta haihuwa. Mafi yawan Hausawan Sudan sun cika wannan sharaɗi har da rara. Doka ta matsa, tunanin mai zama a bayan tebur ne ya tsaya a 1897. Shi ya sa a 2008, da wata jarida ta Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, Gadarif da Kasala suka kama da zanga-zanga har aka rasa rayuka, ko da yake fadarsa ta musanta. Mutane sun yarda da labarin nan take saboda sun saba jin irinsa a ofis.

Ga yadda abin ke tafiya a ofishin. Tun dokar rajistar jama'a ta 2011, komai ya rataya a kan rakam watani, lambar ɗan ƙasa. Mai nema zai je sijil madani, ofishin rajistar jama'a, wanda ke hannun 'yan sanda. Ana so ya zo da takardar haihuwa. In babu, sai ta tasnin, wadda likitoci ke duba mutum su kimanta shekarunsa, abin da ya sa za ka ga rabin unguwa an haife su 1 ga Janairu. Zai faɗi sunansa mai hawa huɗu, nasa da na uba da na kaka da na mahaifin kaka, haka ma na mahaifiyarsa. Zai kawo shaida daga asaba, dangin uba, wanda ya riga ya mallaki lambar: uba, ko wa, ko baffa, ko ɗan baffa. Sannan ya zauna gaban mutaharri, jami'in bincike, ya amsa tambayoyi, ciki har da ta ƙabila. In an gamsu, a ɗauki hoto da zanen yatsu.

Ga wanda ya ce shi Ja'ali ne ko Shaigi, zaman gaban mutaharri ba ya wuce shan shayi. Wanda ya ce Hausa, ko Barno, ko wata ƙabila da ke da dangi a ƙetaren iyaka, sai a ce ya ƙaro: takardar umda, wato dagaci, ko shehun unguwa, tsohuwar jinsiyyar uba ko kaka, wato takardar zama ɗan ƙasa, wani lokaci a tura fayil ɗin wani gari. A nan ne abubuwa ke lalacewa, kuma yawancinsu ƙanana ne.

Mafi yawa suna ne. Bahaushe Garba ne a gida, Abubakar a masallaci. Audu shi ne Abdullahi, Mamman shi ne Muhammad, Shehu shi ne Usman. Wa ya je ya rubuta kakansu Garba, ƙane ya je bayan shekara biyar ya rubuta Abubakar, kwamfuta ta ce ba gida ɗaya suka fito ba, shaidar wan ta faɗi. Sai kuma harafi. Baƙaƙen Larabcin ofis ba su da ɗ, ba su da ts, ba su da c, don haka Ɗanjuma da Tsoho da Cindo kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji ya rubuta. Gyaran harafi ɗaya na iya kai mutum gaban alƙali da rantsuwa da shaidu.

Bayan suna sai sarƙar shaida. Tunda sai mai lamba ke tsaya wa marar lamba, gidan da ba wanda ya taɓa samu ba mai tsaya wa wani. Tsohon da ya san zuwan gidan, wanda ke da tsohuwar jinsiyya a ƙasan akwati, in ya rasu ba a kai shi ofis ba, ya tafi da mabuɗin zuriya gaba ɗaya. Ga auren da aka ɗaura a zaure, da goro da fatiha, ba a je wurin ma'azun, mai rajistar aure na hukuma, an karɓi kasima, wato takardar aure, ba. A addini aure ya ɗauru. Ranar da za a nemi takardar haihuwar yaron da ungozoma ta karɓa a ɗaki, sai a tambayi kasimar.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan zurfi, wato tajannus. A shekarun da 1897 ke aiki, dattawa da yawa sun gaji da zirga-zirga suka karɓi takardar baƙon da aka ba ƙasa. Ba daidai take da ta haihuwa ba: ana iya janye ta bisa wasu dalilai, kuma akwai muƙaman da aka keɓe wa ɗan ƙasa ta haihuwa. Abin da jikoki da yawa ba su sani ba shi ne dokar 1994 ta ce wanda aka haifa bayan iyayensa sun karɓi tajannus, shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Haka kuma tun 2005 mai uwa 'yar Sudan ta haihuwa na da haƙƙin nema ta wajenta. Jahiltar waɗannan sassa biyu ta sa samari na sa hannu a kan abin da ya gaza haƙƙinsu.

Mai cewa wannan duk maganar takarda ce kawai, ya duba abin da ya faru a Disamban 2024. Gwamnati ta canza takardun kuɗi na jine 500 da 1000 a jihohin da ke hannun soja, ciki har da Gadarif da Kasala da Sinnar da Nil Azrak, ta ce ba canjin hannu da hannu, sai dai a zuba a asusun banki. Asusu ba ya buɗuwa sai da lamba. Mai saida agashe, wato tsire, da mai kifi, da tsohuwar da ta tara kuɗin sana'arta a gwangwani, dole suka nemi mai asusu su ba shi amana, wasu da ragi. Haka jarrabawar shahada ta kammala sakandare, haka fasfo, haka layin waya, haka Bankak, manhajar banki ta waya da ciniki ya koma kanta. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 abin ya wuce asarar kuɗi. A shingayen hanya ana aiki da abin da mutane ke kira dokar baƙin fuskoki, wadda ba majalisar da ta zartar da ita, kuma marar kati mai baƙar fata da karyayyen Larabci shi ne farkon wanda ake saukewa daga mota.

Sai ƙasa. Dokar rajistar filaye ta 1925 ta yi aiki ne galibi a bakin Nilu ta arewa da Khartum da Jazira. A can mutum na da shahadat bahas, takardar da ke nuna gonarsa da lambarta. Sauran ƙasar ba a auna ba. A 1970 Numairi ya yi dokar da ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, ya kuma rushe sarautun gargajiya. Dokar mu'amaloli ta 1984 ta ɗan sassauta ta amince da haƙƙin amfani, amma mallaka ta zauna a hannun hukuma. A ƙauye kuwa ba wanda ya daina aiki da tsohuwar ƙa'ida ta dar da hakura: kowace ƙasa da ƙabilar da ake kiranta da ita, nazir ko mak, wato babban sarki, a sama, umda a ƙarƙashinsa, shehu a ƙarƙashin umda. Saboda haka gona ɗaya na da masu ita uku. Gwamnati na da ita a takarda, mak na da ita a al'ada, wanda ya sare dajin ya shekara sittin yana nomawa yana da ita a gumi. A cikin ukun, mai gumin ne kaɗai ba shi da abin nunawa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi alkawarin hukumar filaye ta ƙasa da ta jihar Nil Azrak don a warware wannan ƙulli. Ba a ga aikinsu ba.

Abin da Bahaushe ya ƙware a kai a wannan yanki shi ne su da noman jarf, wato gaɓar kogi da ruwa ke janyewa ya bari da laka bayan cikar damina, a shuka masara da wake da tumatir da kuɓewa da kankana ba taki ba injin ban ruwa. Fili ne siriri mai albarka, iyakarsa kuma tana motsi kowace shekara. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10 aka buɗe a 2013, tafkin ya cinye ƙauyuka, aka kwashe mutane zuwa sababbin garuruwan da ba su da suna sai lamba, aka cakuɗa ƙabilu wuri ɗaya, sabon jarf ya fito inda da babu, ba a kuma rubuta na wane ne ba. Madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020 ita ma tana sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Ruwa ba ya tsami banza: garuruwan masu lamba na Wad al-Mahi su ne inda aka fi zubar da jini a 2022.

Abin da ya faru sananne ne. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, kowa a yankin ya shiga neman matsayi. Wasu shugabannin Hausawa suka nemi a ba su imara, wato masarauta tasu, a cikin tsarin sarautun gargajiya. Mak na Funj da sarakunan Hamaj da Barta suka ce ba a yi wa wanda ba shi da dar sarauta. A Yulin 2022 kisan wani manomi a yankin Gaisan ya zama ashana, wuta ta kama Rusairis da Ganis da kewaye, mutum fiye da 100 suka mutu cikin kwanaki. A Oktoba ta sake tashi a Wad al-Mahi, fiye da 200 suka tafi a kwana biyu. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai mutum 359 da aka kashe, kusan 97,000 suka bar gidajensu. Ba abin da ke halatta ƙona mutum a ɗakinsa, kuma waɗanda suka yi ta yaɗa a Facebook cewa Hausawa baƙi ne a kore su suna da jini a hannunsu.

Duk da haka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Neman imara kuskure ne, ko da ba a zubar da ɗigon jini ba. A Sudan babbar sarauta ɗaure take da ƙasa. In ka ce a naɗa maka amir, kunnen maƙwabcinka abin da ya ji shi ne a yanka maka yanki daga dar ɗinsa. An gwada wannan a Dar Masalit, a yammacin Darfur, a 1995, lokacin da gwamnati ta karkasa masarautar zuwa imara 13 ta ba Larabawa wasu daga ciki. Abin da ya biyo baya yaƙi ne, kuma Jinaina, babban garin yankin, ba ta huta ba har yau. Sannan ga Mai Wurno: garin na da sultan sama da shekara ɗari, rawanin bai hana a tambayi jikokinsa asalinsu a ofis ba. Wanda ke cin ribar imara shi ne mai ɗaura rawanin, da hatiminsa da kotunsa da motarsa, sai ɗan siyasar da zai sayi ƙuri'ar ƙabila a dunƙule daga hannun mutum ɗaya. Mafi muni, mai neman imara ya riga ya amince da hujjar abokin gabarsa, cewa haƙƙin mutum a ƙasa daga ƙabilarsa yake fitowa. A wannan kasuwa Bahaushe ba zai taɓa cin riba ba, don kullum za a sami wanda ya riga shi zuwa. Daular Funj ta Sinnar tun 1504 take.

Ba mu ce ba a buƙatar shugabanni ba. Ana buƙatar shehu da umda da hukuma ta sani, wanda hatiminsa ke karɓuwa a sijil madani, wanda zai zauna cikin ajawid, dattawa masu shiga tsakani, in an zo judiyya, wato zaman sulhu, ya karɓi diyya ko ya biya a madadin mutanensa. Wannan shugabancin mutane ne, ba na ƙasa ba, kuma ya kamata a rubuta hakan ƙarara a takardar naɗi don hankalin maƙwabta ya kwanta.

Maƙwabtan nan kuwa su ma an cuce su, kuma cutar ta girmi zuwanmu. Kakannin Barta da Ingasana da Hamaj su ne aka yi ta farauta ana sayarwa. Daga 1968, da aka kafa hukumar noman injina da rancen Bankin Duniya, aka yi ta yanka dazuzzukan Gadarif da Dali da Mazmum da Agadi ana ba fatake da hafsoshi da manyan ma'aikata, gona ɗaya fadan 1000 ko 1500, alhali fadan guda murabba'in mita 4200 ne. Ba Bahaushe ne ya karɓi waɗannan ba. Shi da ɗan Barta a layi ɗaya suke tsayawa a watan Oktoba suna yankan riɗi da lauje, ana biyansu a kan kowace hilla, wato tarin dammunan riɗi, da suka jingine, cikin gaggawa, don in kwanson ya bushe ya fashe amfanin ya zube ƙasa. Riɗin ya bi ta kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ya sauka Bur Sudan, ya tafi Sin da Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙaramin manomi kuma shel ya gama da shi: ya karɓi kuɗi ko dawa a hannun ɗan kasuwa a tsakiyar damina, ya biya da buhu a farashin da aka yanke tun amfanin na kore, don banki ba ya ba marar takardar gona rance.

Masu magana a kan dunƙulewar duniya kan yi kamar sabon abu ne. Mu kasuwar duniya ce ta zaunar da mu. An gama madatsar Sinnar a 1925 domin a noma wa masaƙun Lankashaya auduga a Jazira. Aka raba ribar kashi 40 na gwamnati, 40 na masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona a shirin, 20 na kamfanin Ingila. Ba a ware wa mai tsinkar audugar ko kashi ɗaya ba, kuma Turawa da kansu suka ƙarfafa wa mutanen yamma gwiwa su zauna, don suna buƙatar hannuwa. Ma'aikatan aka ajiye su a kambo, bukkoki a gefen magudanar ruwa, a matsayin zaman wucin gadi. Shekara ɗari ke nan ana wucin gadin. Kambo ba ƙauye ba ne a taswirar hukuma, don haka ba a bin gwamnati bashin makaranta ko famfo, a sha daga ƙaramar magudanar gona da ake kira abu ishirin a kwashi tsargiya. Yawancin aikin hawasha a yau 'yan kanabi, wato mazauna kambo, ke yi, ko da rabon amfani ko da dugundi, wato hayar fili na shekara, amma sunan da ke rajista na wani ne da ke zaune a Wad Madani ko Riyad. A gefe guda, a 2016 majalisar dokoki ta amince a ba Saudiyya fadan miliyan ɗaya a yankin Atbara ta sama na tsawon shekara 99. Ba wanda ya tambayi mai jarin inda kakansa yake a 1956.

Yanzu sai mu juyo gida, don laifi tudu ne. Mu da ke kuka an kira mu Fallata da Takari da raini, me muke yi a zaurukanmu? Har yau a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala da Mayo ana fasa aure don an gano kakan yaro mahauci ne, ko maƙeri, ko wanzami, ko maroƙi. Ana rada cewa gidan su wane bayi ne, shekara ɗari da wani abu bayan ubangidan da bawan sun iso a ƙafa, da yunwa ɗaya. Agashe ya ci ƙasar nan tun daga Niyala har Bur Sudan, da sunansa na Hausa, ya gina gidaje ya kai yara jami'a, amma mai tukuba in ya zo neman aure sai a tuna masa da wuƙa. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta sa nasaba ko sana'a cikin sharaɗin dacewar ma'aurata ba, dokar iyali ta Sudan ta 1991 ita ma addini da hali ta ambata. Abin namu al'ada ce tsagwaronta, irin wadda ake yi wa maƙera a cikin Zagawa har ba a cin abinci kwano ɗaya da su.

Akwai kuma gasar jingina kai da Larabawa. Bafulatani ya ce shi jikan Ukba ne, Bahaushe ya ce Bayajidda daga Bagadaza ya zo, kowa na neman ya hau tsanin da aka kafa don a bar shi a ƙasa. Wasunmu na kiran maƙwabtan kudancin Nil Azrak da sunayen da in aka kira mu da su sai a yi faɗa. Wannan ne ya sa ba mu haɗa kai da Tama da Bargo da Masalit na kanabi ba, alhali matsalarmu ɗaya. A Janairun 2025, lokacin da soja ke karɓe Wad Madani, mayaƙan da ke mara musu baya suka faɗa wa Kambo Tayba aka kashe mutane fiye da ashirin bisa zargin goyon bayan Da'am Sari, wato dakarun RSF. Wanda ya ce ba Hausawa ba ne, ba ruwansa, bai fahimci yadda layin yake tafiya ba. Mai karatu a Najeriya kuma kada ya yi mana dariya. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce hakurarku. Ita ce ta ci Jos a 2001 da 2008, ita ce kuma ke hana wanda aka haifa a Sabon Gari ya zama ɗan Kano.

Abin yi ba ya buƙatar jiran ƙarshen yaƙi. Kowane gida ya zauna ya rubuta sunayen kakanni huɗu da baƙaƙen Larabci, a tsayar da siga ɗaya, kowa ya bi ta, a daina zuwa ofis da sunan wasa. A fara kai mafi tsufa, ko a kan amalanke ne, don lambarsa ce za ta buɗe wa na ƙasa. A tattara duk abin da ke nuna zama kafin 1956: rasiɗin haraji, katin aikin Jazira ko na jirgin ƙasa ko na tashar ruwa, rajistar makaranta, tsohuwar kasima. A ɗauki hotonsu a waya a aika wa ɗan'uwa a wani gari, don 2022 ta nuna cewa akwatin ƙarfe ba ya tsare takarda daga wuta. Duk auren da za a ɗaura a kira ma'azun, tsofaffin aure kuma a je kotu a tabbatar da su tun shaidu na raye. In an ƙi ba mutum lamba, ya nemi a rubuta masa dalili, domin da ƙin baki ba a ɗaukaka ƙara, kuma jami'i kan sake tunani in aka ce ya sa hannu. Lauyoyinmu, waɗanda yanzu ba kaɗan ba ne, su ware rana ɗaya a mako don irin waɗannan fayiloli.

A gona, a daina yarjejeniyar baki. Ko dugundi ne ko rabo, a rubuta yawan fadan, da iyakoki ta fuska huɗu, da yawan damina, da kason kowa, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu. Masu jarf su nemi takardar hiyaza, ta shaidar riƙe fili, kuma neman awo da rajista a yi shi da sunan ƙauye gaba ɗaya, Bahaushe da Hamaj da Barta a takarda ɗaya, don buƙatar da ta zo da sunan ƙabila ɗaya tun a ƙofa ake karanta ta a matsayin shelar yaƙi. 'Yan kanabi su dage a kan a tsara musu wurin zama a matsayin ƙauye mai suna a taswira. Kuɗin da ake tarawa don bikin naɗi da rakiyar tawaga zuwa wurin gwamna ya isa ya biya wa ɗaruruwan yara kuɗin tasnin da mota.

Daga gare ka kuma, Malam Edita, abu ɗaya muke roƙo. Ɗaliban da aka kwashe daga Khartum a 2023 ta Aswan da Bur Sudan 'yan Najeriya ne mazauna Sudan, kuma daidai ne a kira su haka. Mutanen Mai Wurno da Rusairis da Gadarif ba su ba ne. In labarinsu ya zo teburinka, a rubuta 'yan Sudan Hausawa, domin ana fassara kanun labaranku zuwa Larabci a nan, kuma mun ga inda aka ɗauki irin wannan kuskure aka kafa hujja da shi.

Wassalam.

Wasu 'yan'uwanka malaman makaranta da masu aikin shari'a,
Gadarif da Sinnar, Sudan.